Harshen Inji

Mu uku Baba ya bar wa jirgi. Ranar rabon gado malamin da ya zauna da mu ya ce jirgi ba gona ba ne balle a ja igiya a yanka wa kowa rabonsa. Ko dai a sayar a raba kuɗin, ko mu maza mu riƙe shi mu riƙa fitar wa Inna da 'yan'uwanmu mata haƙƙinsu. Inna ba ta ce uffan ba, ta dai bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Muka ce mun riƙe. Tun daga ranar ba a ƙara cewa jirgin wane ba a tungarmu, sai dai jirgin 'ya'yan marigayi. Shi ya sa wannan labarin ma da bakinmu mu uku za a ba da shi, ko da yake hannun mutum ɗaya ne ke danna wayar.

Jirgin katako ne, yana ɗaukar mutum goma sha biyu da kayansu idan ba a yi haɗama ba. A gindinsa akwai injin da ya kusa zama sa'an Autanmu, mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai a tanki guda, rabin lita na mai ga lita 25 na fetur. Na hannu Baba ya saye shi. Kwana shida muna su da shi, mu zuba raga, mu duba mamari. Ranar kasuwa kuwa sai mu wanke jirgin mu ɗebi mata da kwandunan banda zuwa Yawuri. Kuɗin wannan rana guda shi ne kuɗin da ake iya yin lissafi da shi a gidanmu. Kifi yau akwai gobe babu, amma kasuwa ba ta fashi.

Abin ya faru ne a watan Janairun 2024, tsakiyar baƙin ruwa. Kogin Kwara sau biyu yake cika a wajenmu. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, wanda ke tumbatsa wajen watan Satumba. Akwai kuma baƙin ruwa, ruwan saman da ya sauka tun can duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, sai ya iso mana garau a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigo babu a sama. A lokacin tafkin Kainji ke cika maƙil, ya ɓoye kututturan itatuwan da ruwa ya ci tun da aka gama madatsar a 1968, hazo kuma ya ɓoye gaɓa. Inji ba ya son sanyi. Wanda ke tashi a ja ɗaya da rana, da asubar hunturu sai ya nemi biyar.

Mata tara sun riga sun zauna, kowa ta ƙudundune cikin mayafi, lokacin da Auta ya matsa 'yar robar da ke tura mai, ya zaro cok, ya fizgi igiya. Shiru. Ya sake, shiru. A ja na huɗu da haushi ya fizga. Muka ji ƙas, igiyar ta biyo hannunsa ba nauyi ko kaɗan, har ya kusa zama a kan kwandon wata baiwar Allah. Ya sake ja, ta sake biyo shi, injin ko gezau.

Muka cire murfi muka haska fitilar waya. A saman irin wannan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, makanikai na ce masa filawil. Idan ya juya ne fistin ke motsi, fulogi ya sami wuta, inji ya tashi. A kansa an kifa wani kwano mai faifan roba a ciki, wanda igiya ke naɗe da shi, da sifirin da ke mayar da ita idan an saki. Tsakanin faifan igiya da faifan ƙarfe babu abin da ya haɗa su sai wata 'yar farar roba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Idan ka ja igiya sai ta zaro kai kamar harshen ƙadangare, ta kama haƙorin faifan ƙarfen ta juya shi. Da inji ya tashi sai ta koma ta kwanta. Mu harshe muke ce mata. Harshen nan ne ya rabu biyu, daidai wuyansa, kusa da ramin da yake juyawa a kai.

Yaya bai ce wa Auta komai ba. Gara ma da ya ce.

Duk mai jirgi ya san dabarar da ta rage. Ka kwance notin da ke riƙe da kwanon ka ɗauke shi gaba ɗaya, ka ƙulla bakin wata igiya, ka saƙala ƙullin a tsagar da aka yi wa faifan ƙarfen don irin wannan rana, ka naɗa sau biyu, ka fizga. Haka Yaya ya yi, injin ya tashi a ja na uku, muka kama hanya. Sai dai da zarar faifan ya fara gudu ba a mayar da murfi, don haka tsirara injin ya tafi, faifan na wulwulawa kamu biyu daga gwiwar mai tuƙi. Wani abu kuma da muka sani amma muka yi kamar mun manta: a jikin kwanon da muka cire ne makarin da ke hana a tayar da inji yana cikin giya yake.

Muna tsakiyar ruwa ciyawa ta naɗe farfela, injin ya mutu. Na tsakiyarmu ya sunkuya ya cire ciyawar, hannunsa ya sandare don sanyi. Yaya ya miƙe tsaye ya naɗa igiya ya fizga, bai duba giya ba. Injin ya tashi da ƙarfinsa, jirgin ya zabura kamar an tsikari doki. Allah ne ya sa ya faɗo ciki, ba waje ba. Ƙullin igiyar kuwa da ya kuɓuce daga tsagar sai ya tsala wa wata yarinya a kumatu, bakin mayafin uwarta ya wuce ta gefen faifan, saura ƙiris. Na tsakiyarmu ne ya cafke sitiyarin.

Ba wanda ya yi magana sai da muka hango rumfunan bakin ruwa. A nan ne ƙawar Inna, wadda duk tunga ke ce wa Gwaggo, ta gyara zama ta ce, "'Ya'yan nan, shekara ashirin ina shiga jirgin ubanku, bai taɓa ɗauko mu da inji tsirara ba." Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ko kun manta Wara?"

Ba mu manta ba, ba kuma wanda ya manta a bakin ruwan nan. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara ya nutse da mutum fiye da 150, 'yan kaɗan aka ceto. Tun daga lokacin mata ke duban jirgi kafin su sa ƙafa, su dubi inda ruwa ya kai a jikinsa, su dubi fuskar mai tuƙi. Da yamma uku daga cikin taran suka ce suna da sauran ciniki, mu tafi, za su biyo wani jirgin. Mun san ba ciniki ba ne.

Washegari Yaya da Auta suka koma Yawuri da karyayyen harshe a ƙulle cikin leda. Rumfa huɗu suka shiga. Ta farko babu. Ta biyu akwai na inji mai doki 40, ya yi girma. Ta uku mai ita ya ce shi ba ya ɓalle kaya, sai dai a sayi kwanon gaba ɗaya, ya faɗi kuɗin da ya kai abin da muke samu a kasuwa biyar. Ba mu ga laifinsa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, darajar naira kuma ta bi ta faɗi, duk abin da ya ƙetaro teku ya zama sai kallo. Mu ma kuɗin da a da ke cika mana tanki yanzu ko rabi ba ya kaiwa. A rumfa ta huɗu aka ce sai dai a aika Anacha, kuma direban da ke kai banda can sai bayan mako uku zai sake lodi.

Mako uku, wato kasuwa uku. Muka ce za mu gyara da kanmu.

Da supa gulu muka fara, kamar kowa. Muka wanke ɓangarorin da fetur, muka ɗiga, muka matse, har da barbaɗa soda da wani bidiyo ya koya wa Auta. Ya daskare kamar dutse, muka yi murna. Ja ɗaya ya ɓalle, gam ɗin ya fita sumul kamar ɓawon ƙwai, bai ko kama jikin robar ba. Muka sayo gam mai haɗi biyu, muka bar shi ya kwana. Shi ya yi ja biyu. Daga baya muka fahimci cewa roba suna ce kawai ta tara. Irin wadda ake yin abin da zai riƙa goga da ƙarfe da ita, da gangan ake zaɓen mai santsi, kuma santsin da ke hana ta cinyewa shi ne ke hana gam zama a jikinta.

Sai muka kai wa mai liƙin bokiti. Mutumin kirki ne, ya faɗa mana gaskiya tun kafin ya sa ƙarfe a wuta: robarsa ta bokiti da jarka ce, wannan kuwa ba danginsu ɗaya ba, za ta narke a kai amma ba za su haɗu ba. Muka ce ya dai gwada. Ya gwada, ya ƙi karɓar kuɗi. Da farce Auta ya ɓamɓare liƙin a hanya.

Kasuwa ɗaya ta wuce muna zaune. Da idonmu muka ga Gwaggo ta shiga jirgin maƙwabta, ba ta ko waiwayo ba. A daren ne aka yi faɗan da muka daɗe muna kauce wa. Yaya ya ce gobe zai kai wa maƙeri ya ƙera masa na ƙarfe, a huta da wannan tarkacen roba da yara ke karyawa. Kalmar yara ce ta tsaya wa Auta. Ya ce in dai shi ake nufi a fito fili a faɗa. Yaya ya ce to ya faɗa: sau nawa Baba ya ce ba a fizgar igiya daga sake, sai ka ja a hankali ka ji harshe ya kama, ka ji nauyin inji a hannunka, sannan ka fizga? Wannan gaskiya ne, kuma dukanmu mun ji shi daga bakin Baba. Na tsakiyarmu ya ce ai kowa a cikinmu ya taɓa fizga da haushi, Yaya ya ce shi bai taɓa karyawa ba. Auta ya tashi ya bar tuwonsa. Kwana biyu a jirgi yake kwana, cikin wannan sanyi.

Akwai wani tsohon makanike a bakin ruwan Yawuri da Baba ke kai wa aiki. Mun guje shi ne da farko don Baba ya rasu da sauran kuɗinsa a kansa, mu kuma ba mu kai ba. Da abin ya ƙi, muka tafi mu uku da kunyarmu. Bai ta da maganar bashi ba. Ya tambayi Inna, ya yi wa Baba addu'a, ya karɓi ledar.

Maganar maƙeri ya fara kashewa. Ya ce, "Samari, wanda ya ƙera injin nan ba ƙarfe ya rasa ba. Wannan an sa shi ne ya mutu a madadin manyansa. Ku sa na ƙarfe, ranar da inji ya yi tutsu ya dawo da baya, shi ba zai karye ba, faifan igiya zai fasa, ko ya ci haƙorin filawil. Sai ku zo in faɗa muku kuɗin filawil." Yaya ya sunkuyar da kai.

Sannan ya kankare sauran gam ɗinmu da reza, ya ɗaga ɓangarorin biyu a rana, ya ce mu matso. Fuskar karayar kala biyu ce. Gefe guda fari tas, ɗaya gefen kuwa, fiye da rabi, ya yi baƙi-baƙi, maiƙo ya shige shi har ciki, fetur ɗinmu ma bai fitar da shi ba. Ya ce farin shi ne abin da ya karye ranar kasuwa. Baƙin tsohuwar tsaga ce, ta daɗe tana shan giris da ƙura tana tafiya kaɗan-kaɗan, ga zafin inji ga shekaru sun busar da robar. Auta ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, kamar tun yaushe. Tsohon ya ce, "Wannan ai ta ga zamanin mahaifinku."

Ba wanda ya dubi wani. A hanyar dawowa, cikin jirgin haya, Yaya ya ɓare gyaɗa ya miƙa wa Auta ba tare da ya juyo ba. A gidanmu iyakar ban haƙurin ke nan, kuma Auta ya karɓa.

Tsohon ya yi alkawarin zai sa a cikin saƙon Anacha, amma gyara ya ce ba shi da shi. Daga wajen Inna gyaran ya fito. Muna zaune muna juya ɓangarorin a tafin hannu ta ce a ba ta ta gani. Ta haɗa su, ta raba, ta ce, "Ku da kuka yi boko, ƙwarya in ta tsage liƙa ta ake yi? Ai ɗinke ta ake." Muka yi dariya, ban da na tsakiyarmu. Ya tashi ya ɗauko gwangwanin ƙugiyoyin mamari.

Yini guda aikin ya ci. Ƙugiya ƙarfe ne mai tauri, in ka lanƙwasa ta a haka karyewa take, amma in ta yi ja a garwashi ta huce a hankali sai ta yi laushi. Muka gasa guda shida, muka yanke ƙayar da kan, muka lanƙwasa kowace ta zama kamar tafiyar maciji, gajeriya, don kada ta zare. Muka kafa ƙananan ƙusoshi a jikin katako suka riƙe ɓangarorin biyu gam, baki da baki. Yaya na fifita wuta, na tsakiyarmu na riƙe da filaya, Auta, da ya fi mu ido, shi ke cewa nan, ko a'a matsa kaɗan. A kan guntun tsohon faifan da tsohon ya ba mu muka fara koyo, kuma gara da muka yi. Ta farko ta yi zafi da yawa, ta ratsa robar ta fita ta baya, ga wani hayaƙi mai yaji da ya sa mu hawaye muka koma waje. Ta biyu ta huce kafin ta shiga. Sai a ta uku muka gane lokacin: idan jan ya ɗauke daga jikin ƙarfen, ka ƙirga biyu, ka danna a hankali ta nutse rabin kauri, ka ɗan murɗa ta don narkakkiyar robar ta rufo a kanta, sannan ka daskare kamar gunki har ta kama.

Uku muka sa a harshen, biyu a fuska guda, ɗaya a bayan. Muka shafe saman da bakin wuƙa mai zafi, muka bi da magagari har sai da yatsa ya daina jin tudu, don maganar tsohon na kunnenmu: kada ƙarfe ya leƙo inda zai taɓa faifan. Wajen mayarwa babban sifirin ya kuɓuce ya warware a tsakar gida kamar kububuwa, ya yanki Yaya a babban yatsa, muka yi awa guda muna naɗe shi. Ana kiran magariba Auta ya kama igiya. Ya ja a hankali, muka ji ɗan ƙas na kamawa, ya fizga. Injin ya yi tari ya tashi, ruwan sanyaya shi ya tsinko ta baya siriri kamar yadda ya saba. Yaran tunga suka sa ihu.

Washegari kasuwa ce. Yaya ya ce a wanke jirgi. Na tsakiyarmu ya ce ja ɗaya ba shaida ba ce, gam ma ya yi ja biyu. Wannan karon ba a ɗaga murya ba. Garin tuwo ya yi ƙasa a gidan, kuɗin makarantar ƙanwarmu na jira, duk mun sani. Amma in harshen ya sake karyewa a tsakiyar ruwa, igiyar nan dai za mu koma wa, da mata a ciki. Auta ne ya ce a ba shi mako guda a wajen su, mu kaɗai, a ga abin da zai yi. Kasuwa ta biyu ta wuce mu. Kullum da asuba Auta na yin zane da gawayi a jikin jirgi, ja ɗaya zane ɗaya, kullum da yamma mu buɗe kwanon mu haska. Ranar da mako ya cika zane 64 muka ƙirga.

Daren kasuwa ta uku muka je gidan Gwaggo mu uku, muka durƙusa muka gaishe ta. Muka faɗa mata komai, cewa ɗinki ne ba sabo ba, sabon yana hanya, kuma in ya karye a ruwa ba za mu cire murfi ba, filafili za mu sa ko da za mu kai la'asar. Ta ce wa ya ba mu dabarar. Muka ce Inna. Ta ce, "To, in ita ce." Da asuba ta zo da kwandonta da mata biyar a bayanta. Ba ta shiga ba sai da ta tsaya a kan Auta ta ce, "Ɗan nan, ja mu gani." A ja na biyu ya tashi. Ta shiga ta zauna a inda ta saba, ta ce a matsar mata da tankin mai daga kusa da bandarta.

Saƙon Anacha bai iso ba sai bayan mako biyar. Da muka je karɓa muka haɗa da rabin bashin Baba, tsohon ya ƙirga ya ce sauran ya yafe. Yaya ya so a ajiye sabon a bar ɗinkakken ya ƙarasa kwanansa, tun da yana aiki. Mu biyu muka rinjaye shi. Auta ne ya kwance kwanon. Da ya ciro ɗinkakken ya goge giris ɗin ya ɗaga shi a rana, irin yadda tsohon ya yi, sai ya miƙo mana ba magana. Daga gefen ƙugiya ta uku wata sabuwar tsaga ta taso, siririya kamar gashi, ta kai kusan rabin wuyan, fara tas.

Yana cikin gwangwanin Baba yanzu, naɗe a tsumma tare da igiyar ko-ta-kwana. Ba mu faɗa wa Gwaggo ba. Jikarta dai tana da waya, kuma ita ke karanta mata abubuwa da dare.